Kwana na Tara

Litinin, 28 ga Yuli. Ƙaramar Sallah.

Yaya Shahata ya faɗi a ƙofar gida yana dawowa daga Idi. Ba wata faɗuwa ba ce, gwiwa ce ta ƙuje, sabuwar jallabiya ta yage. Abin da ya faɗa lokacin da nake ɗaga shi ne ya hana ni cin biskit ɗin Sallar da matarsa Nagat ta aiko mini, duk da ta cika shi da dabino yadda nake so. Ya ce, "Hakima, titin nan rawa yake yi." Na ce shekara sittin da bakwai, ka yi azumin wata guda cikin wannan zafi, me kake so titi ya yi maka? Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Ya taɓa gaya mini irin wannan. Ban manta ba.

Laraba, 30 ga Yuli

Bari in rubuta shi yadda ya faru, ko na samu in huta.

Azumi na da kwana goma ciwon fitsari ya kama shi, da zazzaɓi. Likitan unguwa ya rubuta masa ƙwaya duk bayan awa shida, ya ce ya sha ruwa da yawa, ya ajiye azumi ya rama daga baya. Shahata fa? Tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa shan azumi ba, kuma duk unguwarmu ta Imbaba ta sani domin shi da kansa yake shelantawa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya sauko ɗakina ya same ni. Wai ni ce na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin jinya a asibiti, har ake ce mini Hakima, kuma Shehin masallacinmu ya ce allurar jiki ba ta karya azumi. "Ba ki da wadda za ta yi aikin ƙwayar nan, Hakima?"

Ina da ita. Jantamaisin. Har da ɗaga kafaɗa na ce masa ina da ita. Ɗaya da safe, ɗaya da la'asar, kwana goma sha uku. Ban sa a auna ƙodarsa ba. Tsoho, jiki a bushe, ba ɗigon ruwa daga asuba zuwa magariba, ni kuma ina ta ɗura masa maganin da ƙoda ce kaɗai ke fitar da shi. Ɗalibar da ta yi wata shida a makarantar jinya ta san wannan.

A kwana na tara da la'asar, yana gyara wando bayan na zare allura, ya ce da ya juyo sai ya ga taga ta biyo shi. Na ce zazzaɓi ne. Na ce idan aka tsaya a tsakiya ciwon dawowa yake yi. Na yi masa sauran takwas ɗin.

Ciwon fitsari ya warke sarai. Nagat na gaya wa kowa hannuna akwai albarka.

Asabar, 2 ga Agusta

Ba jiri ba ne, in ji shi. Idan yana zaune komai lafiya, har jarida yake karantawa. Da ya taka sai duniya ta fara tsalle, duk taku ɗaya tsalle ɗaya. Allon shago ba ya karantuwa sai ya tsaya cak. Fuskar mutum ma haka. Jiya ya wuce mai burodi ba sallama, mutumin da suka yi makarantar allo tare, har ya aiko yana tambaya ko ya yi wa Hajji wani laifi ne.

Na gan shi ta taga yana jiran bas. Ya dafe kansa da hannu biyu kamar mai ɗauke da tulu, don ya ga lambar.

Talata, 5 ga Agusta

Wataƙila ya wuce da kansa. Na ga waɗanda abin ya wuce. Na gani kuwa?

Alhamis, 7 ga Agusta

Na hau saman bene da la'asar, na kai masa shayi. Rabona da hawa tun rasuwar mijina, ba na son warin kashin tattabaru.

Hasumiyar katakon tana nan yadda ya gina ta, tsani biyu kafin a kai rumfar da tsuntsaye suke. Shekara arba'in kullum bayan la'asar yana can ƙoli da jar tutarsa da fito, ya saki tattabaru ɗari da wani abu, su gauraya da na maƙwabta a sama, sannan kowa ya kira nasa. Yau a gindin tsani na same shi, kan kujera, ya jingina ƙeya da bango. Da igiya ya buɗe musu ƙofa. Muddin bai motsa kai ba, idon yana bin su sumul, har ya nuna mini wata baƙa mai farin fiffike ya ce waccan ba tasa ba ce. Da suka karkata bayan tankin ruwa ya juya ya bi su, shi ke nan. Na ga idon ya zame, yana lalube a sararin sama.

"Ina suke, Awaɗif?"

Suna nan a gabansa. Ba ya kirana da sunana sai abu ya ɓaci.

Uku sun sauka a hasumiyar Usta Mitwalli, maƙwabcinmu na baya. Kafin magariba ya kawo su cikin kwando da kansa. Tsakaninsu sulhu ne tun suna samari, wanda tsuntsun wani ya sauka wurinsa mayarwa yake, ba kamar 'yan layin gaba da ke yankawa ba. Mitwalli ya kira Shahata da alkunyarsa ya ce, "Abu Wa'il, ko tuta ce ta yi maka nauyi in aiko maka da hankici?" Shahata ya ce ya aiko wa uwarsa. Suka yi dariya, amma na ga yadda Mitwalli yake dubansa.

Litinin, 11 ga Agusta

Likitan ido ya ce idonsa ya fi na ɗan shekara arba'in. To dama. A zaune aka auna shi, haɓa a kan ƙarfe.

Na raka su. Na riƙe jaka.

Juma'a, 15 ga Agusta

Nagat ta gano mai laifi. Wai a watan Sha'aban Mitwalli ya ce a gidan shayi idon Shahata yana gane tsuntsunsa ko daga bayan Dala ne, manyan kaburburan nan na sarakunan da, kuma bai ce masha Allah ba.

Bayan sallar Juma'a ta yanka 'yar tsana ta takarda irin wadda uwayenmu suke yi don kore ido. Ta leƙo ƙasa ta kira ni da sunan girmamawar da ta saba, "Abla Awaɗif, ba ni allura ɗaya cikin naki, sun fi tsini, kuma hannunki ya taɓa su." Na ba ta. Me zan ce?

Ta zaunar da shi, ta kunna garwashi da turare da gishiri. Tana huda takardar tana kiran sunaye. Daga idon Mitwalli. Daga idon matar Mitwalli. Daga idon mai burodi, da mai wanki da guga, da matar ɗan'uwanta da ke Tanta, da duk wanda ya gan ka bai yi salati ba. Takarda ta zama rariya. Ta kira kowa a layin nan, har da mutum biyu da suka mutu. Ni da nake riƙe mata kaskon wuta ba ta kira ni ba.

Da aka ƙona takardar hayaƙi ya shiga idona, na ji daɗin samun dalilin hawaye.

Lahadi, 17 ga Agusta

Na ciro tsohon littafina na makaranta daga ƙarƙashin gado. Yana nan a shafin da na san yana nan, har na ja masa layi da jan biro da hannuna, ina 'yar shekara goma sha tara. Idan mai shan wannan magani ya ce abubuwa na motsi a idonsa, a tsaya nan take.

Na gwada abin da malaminmu ya taɓa sa mu yi. Na riƙe littafin a tsaye na girgiza kaina hagu da dama, rubutu yana nan daram, ina karantawa. Na tsayar da kai na girgiza littafin, komai ya cakuɗe. Wato duk motsin da kai ya yi, akwai abin da ke jan idon zuwa ɗaya gefen daidai wa daida, kuma ya fi gani sauri. Shekara hamsin da tara yana yi mini wannan aiki ban taɓa ce masa sannu ba. Shi na kashe wa Shahata.

Na tsaya gaban madubi ina duban idon dama, in koma na hagu. Ban ga suna motsi ba ko sau ɗaya, ƙwaƙwalwa ɓoye wa mutum wannan take yi. Na daɗe a tsaye ina yi kamar mahaukaciya, har mai kawo gas ya ƙwanƙwasa.

Laraba, 27 ga Agusta

Hoton ƙwaƙwalwa ya fito, ba komai. Nagat ta yi guɗa a harabar asibiti, sannan ta juyo ta ce, "Kin gani ko, Abla? Abin da na'ura ba ta gani ai kin san ko mene ne."

An tura mu wurin wata likitar jiri. Ranar Talata. Nagat ba za ta je ba, ƙafarta ta kumbura. Ni da shi ne.

Talata, 2 ga Satumba

Dakta Nirmin. Yarinya ce, ba ta kai ɗiyata ba, takalmin gudu a ƙafarta. Na shiga ina raina ta.

Ba ta kunna na'ura ko ɗaya ba da farko. Ta zauna gabansa gwiwa da gwiwa, ta kama kansa da hannu biyu, ta ce, "Baba Hajji, kalli hancina, kada ka sake shi." Ya ce hanci irin wannan ai ba ya ɓata. Ta yi dariya, sai ta fizge kan zuwa dama, kaɗan amma da sauri. Ina tsaye bayanta, na gani. Idon ya tafi tare da kan, sannan ya yi tsalle ya dawo kan hancinta. Ta fizge hagu, haka. Ta sa ya karanta allo a zaune, ya kai layin ƙasa. Ta riƙa juya masa kai yana karantawa, ko babban harafin sama da ƙyar.

Ta yi masa bayani a hankali, da zane a bayan takarda. Can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu ruwa, da wani gashi da ido ba ya gani. Kai ya juya, ruwan ya motsa, gashin ya kwanta, saƙo ya tafi gindin ƙwaƙwalwa, ita kuma ta ja jijiyoyin ido zuwa ɗaya gefen kafin mutum ya san ya motsa. "Idonka lafiya, ƙwaƙwalwarka lafiya. Mai kai saƙon ne ya mutu, a kunne biyun." Ya ce to ai yana ji ras. Ta ce sashen ji daban ne, wani lokaci abin tsallake shi yake yi.

Ya tambaya ko gashin yana sake tsirowa. Ta ce a'a. Ta ce ƙwaƙwalwa za ta koyi karɓar labari daga wuya da tafin ƙafa, za ta koyi tura ido tun kafin kai ya iso, amma sai da horo kullum, kuma ba zai koma kamar da ba. Ba duhu, ba iyo, ba tsani.

Sai ta ɗauki biro. "An yi maka wata allura a 'yan watannin nan?"

Na buɗe baki, na rantse na buɗe. Shi ya riga ni.

"An yi. Wani mai kemis ne a Tanta, da na je ta'aziyya. Ban san sunansa ba."

Rabonsa da Tanta shekara huɗu. Kuma ba ta ma gaya masa dalilin tambayar ba tukuna.

Ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da masu kemis ɗin nan." Ta dube ni don in taya ta, tunda na ce mata ni ma'aikaciyar jinya ce. Na ce amin.

A tasi ya rufe ido tun daga ƙofar asibiti har gida, wai ramukan titi.

Laraba, 3 ga Satumba

Tun yaushe ya sani?

Lahadi, 7 ga Satumba

Horon: kati mai babban harafi ɗaya, a riƙe masa a gaba, ya kafe shi da ido yana juya kai hagu da dama minti ɗaya, ya huta, ya yi sama da ƙasa. Sau biyar a rana. Amai yake sa shi. Nagat ta ce ni zan riƙa riƙewa tunda aikina ne. Na ce kafaɗata na ciwo.

Kafaɗata lafiyarta ƙalau. Mai riƙe kati fuskarsa tana daidai bayan katin, shi ke nan.

Yanzu idan na kai abinci sama ajiyewa nake a kicin in sauko. Idan muka haɗu a matakala takalminsa nake gaisarwa. Shi kuma sai ƙara zolaya yake, Hakima kaza, Hakima kaza, kamar yana lallashin mara lafiya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Nagat ta tare matar Mitwalli a gaban mai kayan miya. Daga ɗakina na ji. "Ku da kuka cinye masa ido, sai ku zo ku cinye tsuntsayen ma!" Matar ba ta rama ba, ta ajiye tumatirin da ta zaɓa ta tafi.

Shahata ya yi faɗan da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce likita ta ce ciwon kunne ne. Nagat ta ce to wa ya jefo ciwon? Bai kira sunana ba. Ina tsaye a ƙasan matakala da tsintsiya a hannu, ina jin su.

Litinin, 15 ga Satumba

Tsohuwa Ummu Sabir ta zo da kwalbar allurar ƙarin jini, kamar kowane wata. Na fasa kwalbar, na ja maganin, sai hannu ya ƙi. Na ce ta je asibitin unguwa. Ta ce, "Sitti Hakima, ni da jikina bai san hannun kowa ba sai naki?" Na ce idona ne ya fara rauni. Ta yi mini addu'a har bakin ƙofa, ta ce Allah ya tsare ni daga abin da ya sami ɗan'uwana.

Laraba, 17 ga Satumba

Ya kira ni saman bene, dole na hau. Wata tattabara na yawo a ƙasa tana tsintar dawa. Ya ce in lura da kyau, mutane na cewa gyaɗa kai take yi, ƙarya ne. Kan tsayawa yake wuri ɗaya, jikin ya zo ya same shi, sannan ta jefa shi gaba ya sake tsayawa. "Shekara arba'in ina kallonsu ban gane ba sai da na zama ɗayarsu." Haka yake tafiya yanzu, taku uku ya tsaya ya duba, taku uku ya tsaya.

Ya yi dariya. Na kalli tattabarar har ya gama.

Asabar, 20 ga Satumba

Ya ba wa Mitwalli tsuntsayen duka. Kyauta. Ya ce tattabarar da ba a kira daga sama lalacewa take yi, kuma bayan abin da Nagat ta yi babu wata hanyar ban haƙuri da ya sani. Mitwalli ya ƙi, ya ƙi, ya ce riƙo zai yi. Kwando bayan kwando aka sauko da su ta ƙofar ɗakina. Ban san suna da nauyi haka ba, ban san suna yin shiru a cikin kwando ba.

Talata, 23 ga Satumba

Sun dawo. Mitwalli ya sake su da la'asar, suka zaga sau biyu suka sauka kan hasumiyarmu, a jere kan katako, ƙofa a rufe. Ba sa ci, ba sa tashi. Ƙasa suke kallo, wurin kujerarsa.

Jiya ma haka, in ji Nagat. Sai Mitwalli ya zo ya kwashe su.

Alhamis, 25 ga Satumba

Zan rubuta.

Nagat ta tafi kasuwa. Bayan la'asar na ji fito a sama, irin nasa, guda biyu gajeru ɗaya dogo. Na bar tukunyar lalo a wuta na hau da gudu.

Yana tsakiyar tsani na biyu. Ya wuce na farko, Allah kaɗai ya san yadda. Iska na kaɗa hasumiyar kaɗan kamar kullum, shi kuma ya rungume katako, ido a rufe, ƙafa ɗaya na lalube a iska. Tutar tana soke a bayan ɗamararsa. Ƙasa hawa biyar ne, sannan titi.

Na hau. Ni, da gwiwoyin nan, da silifas. Na kama diddigensa na ɗora a kan mataki. Na ce ya buɗe ido ya kafe ƙusa ɗaya kada ya sake ta. Ya ce ƙusar ma yawo take yi. Na ce to ka bi ta. Muka tsaya a haka, kaina a daidai ƙaurinsa, tsuntsaye na kuka a samanmu.

Ban shirya ba. Wataƙila don ba ya iya ganin fuskata ne. Na ce, "Yaya, ni ce. Allurar nan ce."

Ya ce, "Yanzu ne lokacin, Hakima? Riƙe ƙafar."

Na ce, "Ashe ka sani?" Ya ce tun ranar da Nagat ta ƙona takarda, da ya ga kaskon na rawa a hannuna. Ya ce, "Ni na ƙi ƙwaya, ni na sauko na roƙe ki, kin yi abin da na ce ne, Allah ya riga ya rubuta, a bar maganar."

Da na bari. Ya buɗe mini ƙofa, da na bi ta na fita. Amma abin da ya yafe ba shi ne abin da na yi ba.

Na ce, "A kwana na tara ka ce mini taga ta biyo ka. Alamar ke nan. An koya mini, na ja mata layi. Da na tsaya a ranar wataƙila da saura. Na ji ka, na ce zazzaɓi ne, domin ban so a ce Hakima ta yi kuskure ba. Na ƙara maka takwas."

Ƙafar da ke hannuna ta daina rawa.

Sannan ya ce, "Wannan ban sani ba."

Muka sauko mataki ɗaya ɗaya, ina ɗora masa ƙafa. A ƙasa na miƙa hannu in riƙe shi, ya dafa bango maimakon haka. Miyar ta ƙone ƙurmus.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na kai abinci. An dawo da shi a rufe.

Laraba, 1 ga Oktoba

Kwana shida. Ina jin takunsa a saman kaina, uku ya tsaya, uku ya tsaya. Idan ya sauko zai fita, a ƙofata ba ya tsayawa. Ni na nema, ba na kuka da kowa. Amma ɗan'uwana ke nan guda ɗaya, shi ya goye ni zuwa makaranta ranar da ruwa ya cika layi, kuma ina jin tsoro.

Asabar, 4 ga Oktoba. Babbar Sallah.

Bai gaya wa Nagat ba. Ta sauko da nama da shinkafa tana mita wai me ya haɗa mu, tsofaffi biyu kamar yara. Na zaunar da ita na gaya mata, tun daga takardar likita har kwana na tara.

Ba ta yi ihu ba, Nagat da ke ihu idan cokali ya faɗi. Ta ce, "Kina riƙe mini kasko." Na ce e. Ta ce, "Kin bar ni na tsaya a titi na zagi matar da ta yi wa uwata wankan gawa." Na ce e. Ta tashi, ta ɗauki farantin, ta kai bakin ƙofa, sai ta dawo ta dangwarar da shi ta fita.

Da la'asar na sa mayafi na je gidan Mitwalli. Matarsa ta saurare ni a tsaye. Ta ce Allah ya kyauta, ta ba ni ruwa. Gobe duk Imbaba za ta ji. Sitti Hakima ta ƙare, kuma abin mamaki na ci naman da na dawo.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ba wanda ya ƙwanƙwasa neman allura. Mai burodi ya miƙo mini burodi yana duban wani wuri.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Nagat ta leƙo ta matakala da hantsi, ba Abla ba komai. "Ya ce ki hau. Wai hannuna rawa yake, kuma na cika surutu."

Yana zaune a falo, kati a kan tebur. Bai amsa gaisuwata ba. Ya nuna kujerar da ke gabansa da haɓa, na zauna, na ɗaga katin daidai fuskata yadda na ɓuya a bayansa. Ya yi minti ɗaya. Ya huta. Ya ce harafin nan ya ishe shi, wata guda yana kallonsa, in sauke.

Na sauke. Ya ce, "Tsaya haka. Kada ki motsa."

Ya fara juya kai, hagu, dama, yana dubana tsakiyar ido. Fuskarsa a ɗaure, ban ga yafiya a ciki ba, kuma bai ce ya yafe ba, kada in rubuta abin da bai faru ba. Idon yana zamewa har yanzu. Ya zame ya dawo, ya zame ya dawo, na lissafa har arba'in sannan na daina domin ba na gani sosai.

Da minti ya cika ya rufe ido, ya haɗiye aman. Ya ce, "Azahar. Kada ki makara."

Ba wani abu ba ne, horo ne kawai, likita ce ta ce a yi. Na dai lura ban sunkuyar da kai ba.